Ranar da Kawu Ya Kira Zabo

Jiya na ji kukan zabuwa wajen wani mai kaji a Dilimi, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Shekarar da matata ta haihu, bayan ruwan farko, ya ba ni bindiga, ya kai ni bayan duwatsu mu samo mata nama. Ƙasa sai ƙamshi take. Ya dunƙule hannu a baki, ya yi kukan zabuwa sau uku. Wallahi sai ga ƙaton zabo ya fito daga ciyawa yana amsawa.

"Harba mana," in ji Kawu.

Na kasa. Ya karɓi bindigar, harbi ɗaya. Da ya yanka, ya daɗe yana shafa fiffiken.

"Dubi zanen nan, ɗana. Wa zai iya?"

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu.