Fitilar Ɗanmaliki da Rana Tsaka

Ɗanmaliki mutumin Rimaye ne, amma aiki ya zaunar da shi a Kankiya tun yana saurayi. Malamin dabbobi ne, irin waɗanda ake turawa ruga-ruga su yi wa shanu allura. Ya kama aikin jim kaɗan bayan samun mulkin kai, lokacin da ake yaƙi da bushiya, cutar nan da kan shiga garke ta bar makiyayi da sanda kaɗai a hannu. A kan keke ya yi shekarun farko, akwatin allura ɗaure a baya, yana bin burtali daga Kankiya zuwa Kusada, daga can ya wuce Kaikai. Gajere ne, mai sanyin magana. Fulani na cewa hannunsa ba zafi, don saniyar da ke harbin kowa takan tsaya masa.

Matarsa Tani 'yar Kusada ce, kuma ita ce mai bakin gidan. Tana matsar man gyaɗa, tana soya ƙuli-ƙuli, kuma daga zaure ake jin muryarta idan tana faɗa da awaki. Shi kuwa in ta yi ta faɗa, sai ya yi murmushi ya ce, "To, Tani." Maƙwabta sun ce ba su taɓa jin ya ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba.

A shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma hannun dama, a shekarar ce aka ba shi babur a wurin aiki. Baƙi ne wuluk, yana ƙyalli. A filin makarantar firamare ya koyi hawa, yana faɗuwa yana tashi, har ya ƙware. Rediyo kullum tana tunatar da mutane sabuwar doka. Shi bai sha wuyarta ba, tunda da ita ya fara tuƙi. Tsofaffin direbobi ne hannunsu ya riga ya saba da hagu.

Ran nan cikin damina, da hantsi, hadari ya haɗo gari ya yi duhu. Ɗanmaliki ya fito daga Kankiya a kan kwalta, sanye da rigar aikinsa baƙa. Yana shan wata kwana sai ga babbar mota maƙare da buhunan hatsi ta taho a hannunsa, ta nufo shi gadan-gadan. Bai sami damar taka birki ba. Ya karkatar da kan babur ya faɗa kwari, babur ɗin ya biyo shi ya danne masa ƙafar dama.

Direban, wani dogon mutum mai suna Sodangi, bai gudu ba. Ya tsayar da mota, ya gangara kwarin da gudu, ya ɗaga babur ɗin, ya sungumi Ɗanmaliki kamar yaro. Hawaye na zuba a gemunsa yana cewa, "Malam, ka yafe mani. Hannuna ne ya koma tsohon hannu. Kuma wallahi ban gan ka ba. Riga baƙa, babur baƙi, sama baƙi ƙirin. Sai da na zo kanka."

Ɗanmaliki, cikin azaba, ya ce, "Kai ni gida, ɗan'uwa. Kwana ne bai ƙare ba."

Ƙashi ya karye a ƙasan gwiwa. Aka duba shi a ɗakin shan magani, aka kawo mai ɗori daga Rimaye, ya kwanta har aka yi girbi. Sodangi kuwa duk sa'ad da hanya ta biyo da shi Kankiya sai ya ajiye mota a tasha ya tako ya zo dubiya, wani lokaci da goro, wani lokaci da rake. Da farko ko sallamarsa Tani ba ta amsawa. Zai zauna a zaure, kai a sunkuye, ta aiko masa da ruwa a tsohuwar moɗa. Da zuwan ya yi yawa, sai ran nan ta aiko da tuwo da miyar kuka, har da man shanu a kai. Ya cinye tas.

Maganar babur kuwa ta yanke ta tun ranar farko. "Malam, ka maida masu abinsu. Keken nan bai taɓa karya ka ba."

"To, Tani."

Sai dai ƙafar ta warke da ɗingishi, ba ta iya tuƙa keke zuwa nesa. Ga shi shekarar da ta biyo ruwa ya ƙi, ciyawa ta ƙone tun tana ƙarama, shanu suka rame, cuta ta sami hanya. Wata rana wani tsohon makiyayi daga wajen Kaikai, Modibbo, ya tako da ƙafa har Kankiya don ya duba jikin malamin. Ya zauna ya yi gaisuwa mai tsawo. Da aka tambaye shi shanu, ya ce, "Suna kwantawa, Malam. Wadda ta kwanta ba ta tashi." Bai roƙi kowa ya zo ba. Ya sha ruwa, ya ɗauki sandarsa ya koma.

Da yammar nan Ɗanmaliki ya kasa cin tuwo. Tani na kallonsa daga bakin murhu. Washegari da safe ya fito ya tarar ta jawo babur ɗin daga rumfa, ta kakkaɓe shi, tana goge gilashin fitila da tsohon ɗankwali.

Ta ce, "Mi direban nan ya ce? Ba cewa ya yi bai gan ka ba?"

"Haka ya ce."

"To ka sa a gan ka. Kunna fitilar nan, kada ka kashe ta sai ka dawo ƙofar gida."

"Da rana tsaka, Tani? Ai sai a ce na taɓu."

"Gara a ce ka taɓu da a zo mani gaisuwar mutuwa."

Ta kuma ɓoye baƙar rigar, ta miƙo masa fara. Ya ce aikin shanu ba ya son farin kaya. Ta ce wanki ai ba shi zai yi ba.

Haka ya fita, fitila na ci, rana na dukan ta. Tun daga bakin kasuwa aka fara yi masa ihu: "Malam, fitila! Fitilarka na ci!" Masu keke na ɗaga hannu suna buɗe yatsu suna rufewa don su nuna masa. Shi dai ya ɗaga hannu ya gode, ya wuce. Kabo makanike ya gargaɗe shi cewa ƙwan fitila zai riƙa ƙonewa da wuri. Gaskiyarsa kuwa, ya riƙa ƙonewa, Ɗanmaliki na zuwa ana canzawa. Wani ɗan sanda ma ya taɓa tsayar da shi a mararraba.

"Malam, ka manta ba ka kashe ba."

"Ban manta ba, Yallaɓai. Akwai dokar da ta hana ne?"

Ɗan sandan ya yi tunani. "Ban san wadda ta hana ba. Ban kuma san wadda ta ce a kunna ba. Mi ya sa?"

Ɗanmaliki ya ɗage ƙafar wando ya nuna masa inda ƙashi ya haɗu a karkace. Ɗan sandan ya duba, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba," ya ba shi hanya.

A rugage abin ya zo da wani amfani da ba wanda ya yi zato. Tun yana nesa ake hango ɗigon haske na tahowa tsakanin gonaki, a fara tattaro shanu kafin ya iso. Garken Modibbo ya ragu ƙwarai a shekarar farin, amma bai ƙare ba. Sunan Mai Fitila ya bi Ɗanmaliki tun daga nan. Da aka zo da maganar hular kwano daga baya, yana cikin na farko da suka sa a Kankiya, ana dariya ana cewa ya kifa tukunya a ka. Kaɗan daga masu babur sun kwaikwaye shi wajen fitila, yawanci ba su yi ba. Shi ma bai taɓa yi wa kowa wa'azi a kai ba. Sodangi ne ma ke yi a tasha, yana gaya wa direbobi cewa mai babur ɗaya ne a hanyar nan da ba za ka ce ba ka gani ba.

Duk shekarun nan Tani ba ta taɓa hawa babur ɗin ba. Sai da ƙanwarta Sa'a ta haihu a Kusada bayan dogon jira, ranar suna ta zo, kuma ba ranar kasuwa ba ce, babu mota. Ta ɗaura sabon zane, ta zauna a baya ta gefe ɗaya, ta damƙe rigarsa da hannu biyu, idanu a rufe, tana ta salati. Yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Da suka shiga Kusada wani mai shayi ya ƙwala ihu, "Malam, fitila!"

Tani ta buɗe ido ta juyo. "Mun sani! Ni na sa shi!"

Ɗanmaliki ya yi dariya har babur ya yi tangal-tangal, ta ƙara ƙanƙame shi tana masa faɗa. A ƙofar gidan suna ta sauko, ta rantse wa Sa'a da ƙafa za ta koma Kankiya. Amma da aka yi la'asar, ita ta riga shi tsayawa a gefen babur, da ƙullin gumba a hannu.

Ya yi aiki har ƙarfinsa ya fara ja baya, sannan ya ajiye, suka koma Rimaye ya kama gonar mahaifinsa. Makiyaya ba su daina zuwa da marasa lafiyar dabbobinsu ba, yakan duba masu a gindin wata tsamiya da ke bayan gida. A can ya rasu, bayan ya aurar da autarsu. Tani ta daɗe a bayansa, a ɗakin da ya gina mata, jikoki na shiga suna fita.