Malama Kulu, Mai Ƙirga Ƙusoshi

A wancan lokacin, da hantsi za ka ga Malama Kulu ta sauka daga acaɓa a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, da jakarta cike da fom. Aikinta shi ne bin ƙauyuka ta gano ko abin da ƙungiyoyin agaji suka raba ya amfani mutane. Shekara tara ta yi tana wannan yawo, kuma da ni muka yi, don haka ba labari aka ba ni ba.

A 2004 wata ƙungiya ta raba gidan sauro ɗari biyu a wani ƙauye na manoman rani, ta kuma riƙa kai maganin zazzaɓi ƙaramin asibitinsu. Bayan shekara aka tura mu mu duba. Idan an ga aiki ya yi, za a janye maganin a kai wani gari.

Mu maza mun yi abin da muka saba. Muka baje a zaure, aka kawo fura, muka tambayi masu gida ko gidan sauron ya yi amfani. Kowa ya ce Alhamdulillahi. To me za su ce? Wa ya taɓa kushe kyauta a gaban wanda ya kawo ta? Muka cika fom da "e" har hannu ya gaji. Kunyar wannan rana ba ta sake ni ba har yau.

Kulu kuwa sallama ta yi ta shige cikin gidaje, inda mu ba mu isa ba. Ba ta tambayi kowa komai ba, ɗaga kai kawai take yi ta duba ko an kafa ƙusar rataya gidan sauro a saman gado. Ɗaki talatin da ɗaya kawai ta samu da ƙusa. Sai wata uwar gida mai suna Sa'a ta ja ta gefe.

"Yaya, ki je gona ki gani. Tsuntsu ke cinye mana irin tumatir, shi ne Malam ya lulluɓe da gidan sauron. Yara kuma ga su nan, kullum jiki zafi rau."

Ta je, ta tarar da gonaki fari fat.

A ofis shugabanmu ya karanta rahotonta ya ɓata rai. "Haba Malama, kowa ya kawo ɗari biyu, ke kaɗai talatin da ɗaya? Ki gyara, in kina son mu ci gaba da aiki tare."

"Ranka ya daɗe, abin da na gani ke nan. In na gyara, za ku ɗauke magani, damina kuma na tafe."

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, da baƙi daga hedikwata suka je suka gani da idonsu, shawararta aka bi tsaf. Aka bar maganin, aka kawo wa manoma raga ta rufe iri, gidan sauro ya koma kan gado. Shugaban ya sami ƙarin girma. A littafin ƙarshen shekara har hoton motar ofis an saka, amma babu sunan Kulu, kuma da aka fito da jerin masu sabon aiki, ba ta ciki.

Malama Kulu, ke ce kika nuna mana cewa abin da aka raba daban, abin da ya shiga rayuwar mutum daban. Kulu ta gaskiya, wadda ba ta cika fom a inuwa. Allah ya saka miki, ya biya ki da abin da mu muka kasa. Ku kuma da ake turawa ku auna aikin ƙungiyoyi, don Allah ku tashi daga kan tabarma ku taka ƙasa kamar yadda ta taka.

Makon jiya na same ta a kasuwar Kura tana sayar da busasshen tumatir. Na ce mata zan yi rubutu a kanta, kan yadda aka kore ta.

Ta ce, "To ka rubuta daidai, ɗan'uwa. Ba korata aka yi ba. Cewa aka yi za a neme ni."

Shekara uku ke nan da gaya mata haka.