Talatar da Na Goya Wayar Asibiti

Ku matso, 'yan nan, ku ara mini kunnuwanku. Masu fararen kaya da masu tsintsiya irina, kowa ya nemi wuri ya zauna. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, kuma shaiduna suna nan da ransu.

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Talatar da na goya waya a bayana ba, da zani da majanyi, ina jijjiga ta a gaban matan gari. Amma bari in ɗauko muku daga tushe, kada ku ce tsufa ne ya taɓa ni.

Asibitinmu ƙarami ne, ɗaki huɗu, a wani ƙauye da ke bayan Sara a ƙasar Gwaram. Mu uku ne a cikinsa kullum. Malam Sunusi shi ne incaji, wato shugaban wurin, shi ke duba marasa lafiya, shi ke sa hannu a takardu. Sista Rifkatu ce mai awo da karɓar haihuwa. Ni kuwa, Inna Dije, shara da wanke-wanke. Ba ni da takardar dindindin. Duk wata uku sai incaji ya sa hannu cewa ina da amfani, sannan in ci gaba.

Ranar Talata ake rigakafin yara. Allurar ba ta son zafi, kuma firjinmu bai fi na kwana ɗaya ba, don haka ranar ake kawo ta. Da damina motar da ke rabawa daga Gwaram ba ta iya shigowa ƙauyenmu. A mararraba take tsayawa, ta ɗan jira kaɗan, ta wuce. Lokacinta kuma ba ɗaya ba ne. Sai ofis ya aiko da imel da safe, wato wasiƙar da ke shigowa ta waya, ya faɗi sa'ar da za ta iso. Malam ya hau babur da akwatin sanyi ya tarye ta.

To, duk faɗin asibitin wuri ɗaya ne ke da sabis: tagar ɗakin ajiya. Ko nan ɗin kira yankewa yake, wasiƙa ce kawai ke lallaɓowa ta shigo. Malam ba zai bar marasa lafiya ya tsare taga ba, sai aka ba ni aikin. Da sassafe ya ɗora wayar ofis a tagar, ni kuma in gama shara in zauna ƙarƙashinta ina naɗe auduga. Ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya a fuskarta ba, amma na san muryoyinta. Ta imel kamar ɗigon ruwa biyu ce a cikin randa. Da na ji, sai in tashi in kira shi.

Ranar da ya ba ni aikin ya ce, "Inna, ji kawai za ki yi. Kada ki taɓa ta, kada ki bar kowa ya taɓa."

Shekara biyu ban ɗora mata yatsa ba. Ko ƙura ta hau ta, da baki nake hurewa.

Ana nan, ana nan, wata Lahadi wayar ta nemi a sabunta ta. An ce haka suke yi lokaci zuwa lokaci, masu ita su aiko mata da sabon hankali. Malam ya danna mata a gidansa, ta yi abin da za ta yi, ta farka da sababbin launuka. Har yabonta ya yi, wai yanzu caji ya daɗe mata.

Talata ta zo. Na zauna, na naɗe auduga har ta ƙare, ban ji ɗigo ba. Mata sun cika inuwar darbejiya da jarirai. Wajen azahar Malam ya fito ya ɗauki wayar, yana kunna fuskarta ta yi ɗigonta biyu a hannunsa. Ya duba, ya dube ni. Ya ce wasiƙar tun ƙarfe tara aka aiko ta, ga lokacin nan a rubuce. Mota ta daɗe da wucewa. Mata suka koma gida, wasu daga rugage masu nisa, ƙafafunsu duk taɓo.

Na rantse masa ba ta yi magana ba. Ya ce ba komai, Inna. Wannan "ba komai" ɗin ta fi mini zagi ciwo.

Washegari Sista Rifkatu ta ɗaura ɗamarar bincike. Ta ƙure ƙarar. Ta kashe wayar ta kunna. Ta duba data, akwai. Sannan ta riƙe ta a hannun hagu, ta aiko mata wasiƙa da tata wayar a hannun dama. Nan take ta yi ɗigo. Ta sake, ta sake yi. Sau biyar, kuma duk sau biyar ɗin sai sun juyo sun tambaye ni ko na ji. Na ce na ji. Suka kalli juna.

Daga nan Sista ta ce ƙila muryar ce ta yi siriri, bari a sa mai kauri. Ta laluba ta zaɓo wadda ta fi kowacce ƙarfi, carar zakara. Ni kuma a nawa ɓangaren na ƙara tsaro. Na sa dutse na tokare murfin tagar don kada iska ta girgiza ta, na hana kowa bi ta wurin, ko kaza ta doso sai in kore ta. Waya ta samu kwanciyar da ko amarya ba ta samu ba.

Abin da Sista ta manta shi ne a ƙauye muke. Maƙwabcinmu yana da wani jan zakara da bai san asuba daga hantsi ba. Ranar Alhamis sau uku na shiga ɗakin Malam da sauri, sau uku yana zuwa ya tarar babu komai, zakara na kan katanga yana kallonmu. Na je da kaina na roƙi mai shi ya kife shi a kwando duk ranar aiki. Ya yi mini alkunya ya kife.

Talata ta biyu Malam ya leƙa wayar da ƙarfe takwas, babu saƙo. Sai aka kawo wani manomi da fartanya ta sare shi a ƙafa, Sista kuma tana kan mai naƙuda. Ni ina ƙarƙashin taga, ko tari ina dannewa. Shiru. Da suka samu kansu Malam ya ɗauki waya, ta yi cara a hannunsa har mai jego ta zabura. An aiko tun ƙarfe goma saura. Mota ta sake wucewa.

Da yamma ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai saba ba. Ya ce ya rubuta takarda in je Birnin Kudu a duba kunnena. Ya ce daga sama an fara yi masa tambaya, kuma ƙarshen watan nan ne sa hannun takardar aikina.

"Ba laifinki ba ne, Inna," in ji shi. "Shekaru ne."

Na ce, "Malam, na yarda. Amma in za a duba kunnena, a duba bakinta. Tare za mu tafi."

Ya yi dariya ya amince, tunda Alhamis ba a jiran saƙo mai nauyi. Ya zura ta a lalitata da hannunsa, don har lokacin ban taɓa ta ba. Sista ta raka ni.

Muna cikin ƙaramar motar haya, mu bakwai, mun hau kwalta ke nan, sai cara ta tashi daga ƙuguna. Direba ya waiwayo. Can gaba ta sake. Ya taka birki ya ce wanda ya ɓoye zakara ya fito da shi a sa a but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota, shi ba ya son kashi a kujera. Wani dattijo a gaba ya ce shi dai ya ji kamar daga wajen Hajiya ne. Na ce masa ni ban je Makka ba tukuna, kuma zakaran na gwamnati ne. Sista dariya ta hana ta bayani, sai hawaye. Da ta lafa ta zaro wayar ta duba, ta ce takardun taro ne, kuma yanzun nan aka aiko su. Na riƙe wannan a raina.

A Birnin Kudu aka sa mini wani abu a kunne, aka ce in ɗaga hannu in na ji ƙara. Na yi ta ɗagawa har mai gwajin ya ce kunnena ya fi nasa. Muka wuce kasuwa wurin Malam Habu mai gyaran waya, dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya karɓa, ya latsa nan ya latsa can, ya sa Sista ta aiko wasiƙa. Ta yi cara. Ya ce lafiyarta lau, ya miƙo mana.

A hanyar dawowa Sista ta faɗa mini gaskiya a hankali. Ta ce in kunne lafiya, waya lafiya, abin da za a ce shi ne gyangyaɗi nake yi a bakin aiki. Ashe takardar da na samo ba ta cece ni ba, rami ta ƙara mini.

Kwana huɗu ina juya abin. A hannun Malam tana magana. A hannun Sista tana magana. A mota har surutu take. A taga kaɗai, inda nake lallaɓa ta, take yin gum. Na yi renon 'ya'ya da jikoki, na san jariri in an goya shi yake barci, in an ajiye ya farka. Sai na ce wannan nata a juye yake.

Talata ta uku na sami Malam tun kafin ya ɗora ta. Na ce masa in an ajiye ta barci take, don haka yau zan karya dokarsa, in ban yi daidai ba kada ya wahalar da kansa da sa hannu. Ya miƙo mini ita a tafin hannu. Sista ta fita bayan tagar da wayarta, ta auna inda sabis ya tsaya, ta ja mini layi a ƙasa da kara. Taku shida ne tsawonsa. Na naɗe wayar a tsumma mai tsabta, na aza a baya, na ja zani, na ɗaure majanyi. Na fara kai da kawowa ina jijjigawa.

Mata suka fara isowa, kowacce da nata goyon. Ta farko ta tsaya ta ce, "Inna Dije, yaushe aka sauka ba mu ji suna ba?" Wata ta tambaya mace ce ko namiji. Wata ta ce a kawo katinsa a fara yi masa allurar. Na amsa musu cewa namiji ne, kuma ba a son hayaniya kusa da shi. Ban yi dariya ba, aikina ne a kan layin nan. Su kuwa har da masu zama a ƙasa.

Taku shida in je, taku shida in dawo. Gwiwoyina suka fara ƙara. Rana ta ɗaga. Har wasu suka shiga layi a bayana suna jijjiga nasu, wai su taya ni.

Sai ya yi cara, a tsakiyar bayana, har cikin haƙarƙarina na ji shi.

Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Malam ya fito da abin awon zuciya a wuya. Na juya masa baya ya kwance goyon da kansa. Ya duba fuskar wayar, ya duba agogonsa, ya ce minti ɗaya bai cika ba da aikowa. Ya ɗauki akwati ya hau babur. Kafin azahar ana yi wa yara allura, asibiti ya cika da kuka, ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Ranar Juma'a Malam ya je wurin Malam Habu da kansa, ya faɗa masa maganata yadda na faɗe ta: in an ajiye ta barci take. Ya ce Malam Habu ya sauke tabarau na goshi ya ce me ya sa ba a faɗa masa haka tun farko ba. Ashe sabuntawar ce ta kunna mata tsimin batir. In waya tana kwance ba motsi, fuskarta a kashe, ba ta kan caji, sai ta rufe ƙofa ta hana wasiƙu shigowa har a tashe ta. Ya shiga saitin, wajen batir, ya nemo manhajar imel ya cire mata takunkumi. Ya ba ta izinin jan data ko fuskar tana kashe. Ya duba wurin da ke sa ta leƙa akwatin wasiƙa da kanta, ya tabbatar a kunne yake. Duka bai kai shan kofin shayi ba.

Ran Litinin muka gwada ta yadda ya kamata. Aka ɗora ta a taga, aka bar ta awa biyu ba mai taɓawa, sannan Sista ta aiko. Ta amsa nan take. A gaban Sista da masu jiran magani Malam ya ce, "Inna, ki yafe mini. Na tambayi kowa, ban tambaye ki ba." Ya zaro takardar aikina ya sa hannu a kan gwiwarsa.

Abin da na koya ke nan, ku da ke fara aiki. Duk mun gwada wayar nan a hannu, alhali ba a hannu take aiki ba. In abu ya lalace, ku gwada shi a inda yake zama, ku kuma nemi wanda ke wuni da shi, ko da bai san baƙi ba.

Malam Sunusi an mayar da shi wani asibiti wajen Yalwan Damai, duk sallah yana aiko mini da gaisuwa da turmin atamfa. Sista Rifkatu ce incaji yanzu, ta mayar wa wayar muryarta ta ɗigon ruwa. Malam Habu yana nan a kasuwa, an ce duk wanda ya kawo masa waya sai ya fara tambayarsa inda take wuni. Jan zakaran maƙwabci an sake shi daga kwando, ya yi ta cararsa har bikin 'yar gidan ya ci shi. Ni kuwa na ƙara damina biyu ina aiki. Da na ji gwiwa ta ce ta gaji, na je na faɗa wa Sista da bakina, na zaɓi ranar da zan tafi, na share ɗakunan nan huɗu tas, na jingine tsintsiyata na yi musu sallama.