Makullin Besfar Alhaji Garba

Duk wanda ya san marigayi Alhaji Garba Akawu na Unguwar Dosa ya san hularsa ba ta ado ba ce, kantin magani ce. A cikinta yake ajiye kwalbar maganin idonsa. Da liman ya sallame sai Alhaji ya tuɓe ta, ya ɗaga kai sama, ya miƙo min kwalbar: "Ɗanjuma, ɗigo ɗaya. Ɗaya na ce, ba ban ruwan lambu ba."

Hawan jinin ido gare shi, ciwon nan mai cin gani daga gefe. Ni da na tsaya a aji huɗu ni ne ɗan rakiyarsa asibiti, saboda haka a wannan fanni ku ɗauke ni rabin likita.

Gwaji biyu ake masa. Na farko ya ɗora haɓa a wata na'ura mai kama da ƙwarya, a ba shi maɓalli, in ɗan haske ya ƙifta ya danna. Daga nan a wuce da shi a auna ƙarfin idon. To Alhaji tsohon mai buga tafireta ne a ma'aikata, yatsansa bai san hutu ba. Ranar farko ya yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa. Nas ta ce, "Baba, na'ura ta ce kana danna wa hasken da bai zo ba." Ya ce, "'Yata, ai yana hanya."

Abin ya daina zama wasa ranar da babban ɗansa Kabiru ya ce in awon ya sake hawa zai karɓe makullin Besfa. Besfar da ta girmi Kabirun! Alhaji ya kwana uku yana nazarin katinsa na asibiti, sannan ya kira ni.

"Na gano su. Duk ranar da aka fara sa ni a ƙwaryar nan, awona hawa yake. Minti goma ina zare ido, ina riƙe numfashi kamar mai jarrabawa, sannan a ce ido ya yi tauri. Kai ma in aka yi maka haka ai sai ka yi tauri."

Da muka koma, aka kira sunansa ya ƙi tashi daga benci. "A fara auna ni." Nas ta ce ba haka tsarin yake ba. Ya ce, "Ni ma na yi aikin gwamnati, tsari mutum ne ya buga shi." Layi ya tsaya cik, sai da likita ya leƙo. Ya saurare shi har ƙarshe, ya ce to a auna kafin, a sake aunawa bayan.

Wallahi na bayan ya ɗan ɗara na farko. Likita ya ce a wasu mutane yakan motsa haka, daga yau za a riƙa fara auna shi. Alhaji ya dube ni kamar an naɗa shi ministan lafiya.

Sai likita ya juyo masa da takardar na'urar. Tsakiya fari, gefe duk baƙi. Ya ce, "Alhaji, awo ka ci. Amma mai keke in ya fito ta nan, ba za ka gan shi ba."

Muka iso inda muka ajiye Besfa. Alhaji ya tsaya yana juya makullin a hannu, sannan ya cusa min shi a aljihu. "Ka gaya wa Kabiru ni na bayar, ba ƙwacewa aka yi ba."

Shekara biyu ina goya shi a kanta. Yana baya yana dukan kafaɗata: "Ka kula da hagu!" Hagun da shi ba ya gani.

Har yau in liman ya sallame hannuna kan ɗan miƙe da kansa, yana jiran kwalba. Allah Ya jiƙan Garba, Ya cika kabarinsa da haske, tsakiya da gefe duka. Amin.