Ranar da Inna ta gaishe shi bai amsa ba

Shekarun baya, abokin aikina ɗan kudu ya rasa wurin zama a Gusau, sai na roƙi mahaifiyata ta ba shi ɗakin da ke jikin zaurenmu. Abu ɗaya na ɓoye mata. Mutumin koyarwar Buddha yake bi, kuma ya taɓa gaya mini a hanyarmu ta Bungudu cewa bai yarda da wani abin bauta ba, balle aljanu. Kullum da safe zama kawai yake yi, ya rufe ido yana lura da numfashinsa, wai hakan ke rage masa zafin zuciya.

Bai yi wata ba Inna ta kira ni, fuska a murtuke. "Kira man baƙon nan naka, yau za a yi ta ta ƙare."

Na tabbata asiri ya tonu, za ta kore shi, ni kuma na shiga uku. Ni da ke cika baki a wurin aiki, ranar sum-sum na je na kira shi.

Ya zo ya durƙusa. Ta ce, "Mi kaka bauta ma in ka rufe ido?"

Ya ce, "Ba komai, Mama. Buddha mutum ne, ya rasu tuntuni. Ba na roƙonsa, ba ni da gunki. Koyon haƙuri kawai nake yi."

Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa.

Inna ta ce, "Wannan tsakaninka da Wanda Ya halicce ka ne, Allah Shi shirye mu baki ɗai. Ni ba shi ad damuwata ba. Jiya na wuce ƙoharka, nic ce ina kwana, kay yi banza da ni. Haƙurin naka bai koya maka amsa gaisuwar manya ba?"

Ashe laifin ke nan. Ya ba ta haƙuri, daga ranar sai ya fara shiga ya gaishe ta kafin ya zauna.

Har yau in na tuna sai in ji sanyi a raina, in kuma yi wa kaina dariya, don na yi ta fargabar uwar da ban gama saninta ba. Shekara biyu ya yi a gidan. In jikoki suka cika hayaniya da safe, Inna da kanta ke leƙowa ta ce, "Ku yi hankali, baƙona na zaune."