Gwangwani Huɗu a Aljihu

Ina bayansa a layin injin mayar da kwalabe na kantin garinmu. Dattijo ne dogo, rigar sanyinsa ta koɗe, takalmansa duk laka. Ina jin gida ne ya yi masa faɗi, shi ya sa yake sammakon tsintar gwangwani a bakin titi. Yana cusawa ɗaya bayan ɗaya, injin yana haɗiyewa, kowanne senti goma.

Sai dai ba ya saka ko ɗaya sai ya jujjuya shi a hannu. In shuɗi ne na giya, wanda aka lotsa cikinsa da babban yatsa, aljihu yake kai shi. Huɗu ke nan a gabana.

Darlene mai sharar wurin tana tsokanarsa: "Baba, waɗannan ma kuɗi ne fa. Ko gadon jikoki kake tarawa?"

Ko murmushi bai yi ba. "'Yata, a nan jihar Michigan wa ke wurgar da senti goma ta tagar mota? Sai wanda ba ya son a ga gwangwanin a motarsa. Kullum da safe nake tsintar ɗaya, wuri ɗaya, da sauran sanyinsa."

"To, wani mashayi ne," in ji Darlene.

"Hanyarmu ba ta ɓullewa ko'ina. Da ƙarfe bakwai mota ɗaya ce ke shigowa, ta ɗaukar 'yan makaranta."

Darlene, wadda ɗanta ke bin motar makaranta, ta jingine tsintsiyar a bango. Muryarta ta yi ƙasa.

"Baba, wace hanya ce taku?"