Ƙarfen Tsohuwar Gada

Ƙaurin ƙarfe a wuta har yau yakan tuna min da kakana. Maƙeri ne a cikin birnin Zariya, mutum ne marar yawan magana. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, yakan kama hannuna mu fita ta Ƙofar Doka, mu shiga mota zuwa wata tsohuwar gadar ƙarfe a bayan gari.

Da kun ga gadar nan, da kun yi mamaki. Ƙarafa ne aka gicciya hagu da dama, kowanne ya tokare ɗan'uwansa, an ɗinke su da ƙusoshi masu kai kamar goro. Da ƙuruciyarsa, lokacin da ake gina ta, Kaka ne ke gasa ƙusoshin nan har su yi jawur ya wurga, ƙanensa yana can sama yana cafewa da bokiti. Wata damina ƙanen ya zame, kogi ya tafi da shi, ba a ga ko hularsa ba. Tun da babu kabari, duk zuwanmu Kaka sai ya tsaya a daidai wurin, ya dafa ƙarfe, ya yi masa addu'a. Ni kuwa, Allah ya yafe min, hankalina yana kan masu kamun kifi.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in aka gina sabuwa ta siminti, aka yayyanke tsohuwar aka sayar. Muka ɓoye wa Kaka, da yake idonsa ya riga ya tafi. Ana nan sai babana ya sayo wani guntun ƙarfe a kasuwa don ƙera fartanya, bai san daga inda ya fito ba. Kaka ya shafa, yatsunsa suka tsaya a kan ƙusa. Ya ɗago kai ya ce wannan ƙarfen gadar ne.

Babana ya ce, "Baba, a yi haƙuri, zan mayar."

Kaka ya ce, "Ka mayar ina? Hura min wuta."

Rabonsa da guduma ya kai shekaru, amma ya zauna, babana na riƙe masa da awartaki. Duk fartanyar da ta fito, ya ba manoman ƙauye da ke zuwa cin kasuwa sadaka, ya ce su sa ƙanensa a addu'a. Ranar na fara ganin hawayensa, abin ya tsaya min a rai.

Yanzu nakan bi ta gadar simintin a mota, ba wurin tsayawa, na baya sai danna oda suke yi. Duk gidanmu ni kaɗai na rage da na san daidai inda ƙanen Kaka ya faɗa. Idan na iso wurin nakan rage gudu, in bar su su yi ta zagina.